Ƙaramar libarba mara nauyi: .22 ko .38? Muhawara a Zauren Ƴan Kasuwar Zango, Kumasi

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Kun san harkata masara ce da wake, ina hawa hanyar Techiman da Ejura, wani lokaci har Kintampo, kuma ba kullum ake komai ta momo, wato tura kuɗi ta waya, ba, akwai manoman da sai sun ga takardar sidi a hannu. Na daɗe ina tunanin neman lasisin ƙaramar bindiga, libarba mara nauyi, wadda zan riƙa koyon harbi da ita in na sami sarari, in kuma riƙe ta a jiki in tafiya ta kama. Wasu sun ce in nemi mai cin siririn harsashin nan da ake kira .22, wasu sun ce wannan ta yara ce, sai .38 mai kauri. Wanda ya san abin ya taimaka. Ta hanyar hukuma nake so, kada wani ya biyo ni ta bayan fage da maganar "akwai wani mutum".

Mai Kula da Zaure: Wa alaikumus salam. An bar maganar saboda ya ce ta hanyar hukuma. Duk wanda ya sa lambar waya ko ya yi tallan ƙarfe a nan, zan goge in fitar da shi.

Kawu Tsohon Soja: Ɗana, ka fara daga wutsiya. Kafin .22 ko .38, ka san cewa a Gana ba ɗaya ba ne neman bindigar farauta da neman ta hannu. Ta farauta, mai baki ɗaya ko mai famfo, ofishin rajistar bindigogi na ƴan sanda ake zuwa. Fistol da libarba kuwa sai ka rubuta wa Ministan Cikin Gida, a bincike ka ciki da waje, a ɗauki zanen yatsunka, a tambayi dalilinka. In an yarda, a yi mata rajista da lambarta da sunanka. Kuma lasisin shekara-shekara ne, ƙarshen Disamba yake mutuwa. Ranar da ya mutu ba ka sabunta ba, kai da wanda bai taɓa nema ba kusan layi ɗaya kuke.

Ɗan Aboabo: Na gode Kawu. Na san da wahala, amma ina so in san abin da zan rubuta a takardar, kada in nemi abin da zan zo ina da-na-sani.

Yaya na Ohayo: Ƙanena, wannan fagen nawa ne, nan Columbus kusan kowane ƙarshen mako muna zuwa filin harbi da abokan aiki. Bari in shimfiɗa maka.

Ƙananan libarba da aka fi sani gida uku ne: Smith & Wesson, Ruger, sai Taurus na Brazil mai sauƙin kuɗi. Smith suna da samfurin libarba mai ƙaramin jiki da suka fara tun 1950, shi ne har yau ake ta gyarawa. A cikinsa akwai 642, jikin alminiyom, harsashi biyar na .38 Special, nauyinta wajen giram 410. Akwai 43C, harsashi takwas na .22 LR, wajen giram 325, ka sa a aljihu ka manta da ita. Akwai 317 mai baki inci uku, ita ma takwas, an yi ta ne don yawon daji da harbin nishaɗi. Ruger kuma sun fito da LCR a 2009, wani sashe na jikinta roba ce mai ƙarfi; ta .38 ba ta kai giram 400 ba, ta .22 tana ɗaukar takwas.

Abin da masu talla ba sa gaya maka: rashin nauyi ba kyauta ba ne. Harsashin .38 na gargajiya ƙwayarsa ta kai giram 10, na .22 bai kai giram 3 ba. In ka tura giram 10 daga cikin ƙarfen da bai kai rabin kilo ba, duk shurin a tafin hannunka zai sauka. Na ga ƙarti a nan, masu ɗaga ƙarfe, sun harba 642 cikin ganga biyu, wato ma'ajin harsashin mai juyawa, sun ajiye suna yarfe hannu, tsakanin babban yatsa da manuni ya yi ja. Wanda bindigarsa ke cin hannunsa ba zai yi atisaye ba, wanda bai yi atisaye ba kuma ba zai sami abin da ya nufa ba. Don haka ni, ga sabon shiga, .22 nake cewa.

Magajin Suame: Yaya, da girmamawa, .22 ɗin nan ba ita ake harbin kurciya da gafiya da ita ba? Mutum ya tare ka a hanyar Kintampo da babbar bindiga, kai ka zaro ta kurciya?

Kawu Tsohon Soja: Magaji, wanda ya tare hanya da babbar bindiga, su huɗu ko biyar, cikin dare, sun zaɓi wurin, sun ga fitilarka tun daga nesa, ko .38 ce a hannunka ba ta fitar da kai. Zaro ta ma shi zai sa a buɗe wa motar wuta, har da fasinjan da ba ruwansu. Wannan na faɗa ne da sanin aiki. Ƙaramar libarba ta taku uku ce zuwa bakwai, mutum ɗaya, a ƙofar shago ko ƙofar gida. Wanda ya sayo ta don fashin babbar hanya ya sayi kwanciyar hankalin ƙarya.

Ƴar Asawase (nas): Kawu Magaji, don Allah a daina cewa ta kurciya. Ni a ɗakin gaggawa nake aiki. Ramin da ƙaramin harsashi ke bari a fata ɗan mitsitsi ne, wani lokaci sai mun goge jini mun duba da kyau kafin mu gan shi, ƴan uwa suna cewa ai ƙujewa ce kawai. Alhali a ciki ya huda hanji ko ya fasa jijiya, mutum yana magana da kai yanzu, an jima cikinsa ya cika da jini, leɓensa ya yi fari. Masu raina ta su ne ke wasa da ita a gaban mutane.

Magajin Suame: Na ji, ƴata. Ba ina cewa ba ta kisa ba. Ina cewa ba ta tsayar da mutum nan take.

Yaya na Ohayo: A nan Magaji yana da gaskiya, kuma shi ya sa muhawarar ba ta ƙarewa ko a Amurka. .38 ta fi nutsewa, ta fi karya ƙashi, kuma harsashinta ya fi tabbas wajen tashi. Dalili: harsashin .22 abin da ke kunna albarushinsa a zagaye yake cikin gefen gindinsa, wani lokaci ba ya bazuwa daidai, sai ka ja kunama ka ji ƙyas, shiru. Na .38 a tsakiya yake, da wuya ya ƙi. Amfanin libarba shi ne in ɗaya ya ƙi, sake jan kunama zai juyo da na gaba, ba sai ka tsaya gyara ba kamar fistol. A wajen atisaye dai in ya ƙi, ka bar bakin yana kallon gaba ka ɗan jira, don akwai mai tashi a makare.

Kuma saboda wannan gefen, dole gudumar .22, wato ƙarfen da ke dukan gindin harsashi, ta yi duka da ƙarfi, sai aka sa mata sifirin mai tauri. Shi ya sa kunamarta ta fi ta .38 nauyin ja. Mutane suna saya wa matansu ko iyayensu tsofaffi suna cewa ai ƙarama ce, sai a tarar yatsa ba ya iya ja ba tare da bakin ya karkace ba. Ƙanena, duk wadda za ka nema, ka tabbata ka riƙe irinta a hannu tukuna.

Ɗan Aboabo: Yaya, to .22 Magnum fa? Na ga ana cewa ita ce tsaka-tsaki.

Yaya na Ohayo: Winchester suka fito da ita a 1959, don doguwar bindiga aka yi ta. A gajeren baki albarushin ba ya gama ƙonewa a ciki, sai ƙara mai tsaga kunne da walƙiya a waje, ƙarin ƙarfin kuma bai kai yadda ake zato ba. Smith suna da 351 mai bakwai, LCR mai shida. Harsashinta ya fi na .22 LR tsada sosai. In tsaka-tsaki na gaskiya kake so, dangin .32 ne: shida a ganga maimakon biyar, shuri kaɗan, kunama mai laushi. LCR mai .327 Federal tana cin .32 H&R Magnum da .32 S&W Long duka.

Kawu Tsohon Soja: Ɗana na Ohayo, kana lissafi kamar Kumasi unguwa ce a Columbus. Nan ba a shiga kanti a ɗebo harsashi kamar sukari. Harsashi ma da izini ake sayensa, wajen dillali mai lasisi, kuma abin da dillalan nan suka fi kawowa na bindigar farauta ne. Bindigar da harsashinta sai an yi wata da watanni ana jira, ƙarfe ce kawai a akwati. Ɗan Aboabo, kafin ka rubuta wa minista komai, je wajen dillali mai lasisi ka tambaye shi wane harsashin bindigar hannu yake kawowa a kai a kai. Amsarsa ita za ta zaɓa maka, ba mu ba.

Lauya ɗan Nima: Salamu alaikum, daga Ankara nake bin ku. Kawu ya faɗi gaskiya, bari in ƙara abin da ya shafi "riƙewa a jiki kullum", don nan ne mutane ke faɗawa rami.

Dokar makamai ta 1972, wadda ake kira NRCD 9, ta hana nuna makami a bainar jama'a ko harba shi a wurin jama'a sai da rubutaccen izinin Sufeto Janar na ƴan sanda. Lasisinka bai ba ka damar ɗaga riga a kasuwar Kejetia don wani ya ga abin da ke ƙugunka ba, bai ba ka damar harbi sama ranar biki ko ranar Sallah ba. Mallakar bindiga ko harsashi ba bisa ƙa'ida ba kuma, sashe na 192 na dokar manyan laifuka ta 1960 ya sa shi a sahun laifuka mafi girma. Lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya: ba ka ara wa ƙaninka, ba ka ba yaron shago ya kwana da ita, ba ka sayar wa aboki sai hukuma ta amince da canjin suna. Mai ita ya rasu, ba a raba ta cikin gado kamar rediyo, ƴan sanda ake kai wa har magaji ya nemi nasa izinin.

Ga kuma abin da ya shafi matafiya arewa. Duk garin da aka sa wa dokar hana fita, irin Bawku, sanarwar Ma'aikatar Cikin Gida tana haɗawa da haramta ɗaukar makami ga kowa a yankin. Ketare iyaka da ita zuwa Burkina ko Togo kuwa, kada ma ka fara. Lasisin Gana a Paga da Aflao yake tsayawa.

Kare kai halal ne a doka, amma gwargwadon barazanar. Ɓarawo ya fizge jaka ya juya yana gudu ka harbe shi a baya, kai za ka tsaya gaban alƙali.

Magajin Suame: To ai ministan yanzu ɗan gida ne, Honorabul Muntaka, ɗan majalisarmu na Asawase. Abin zai zo da sauƙi.

Lauya ɗan Nima: Kawu Magaji, takarda ba ta san unguwa ba. Binciken da za a yi wa mutumin Ho shi za a yi wa na Aboabo, kuma haka ya kamata. Kada a ɗora wa bawan Allah nauyin da ba nasa ba.

Hajiya Alabar: Ni duk wannan lissafin giram ɗin bai dame ni ba. Ɗan Aboabo, na san gidanku, gidan haya ne mai ɗaki goma sha, tsakar gida ɗaya. Yara nawa ke shiga ɗakinka da rana in matarka tana wanki? Ƴaƴan maƙwabta ma har ƙarƙashin gado suke shiga neman ƙwallo. Kun ce mara nauyi ce, ƙarama, tana shiga aljihu. To abin da ya sa ta yi maka daɗin ɗauka shi zai sa yaro ɗan shekara shida ya ɗauka da hannu ɗaya, ya zaci irin ta roba ce da ake saya musu da Sallah. Kuma na ji an ce libarba ba ta da wani makulli da ake turawa, ja kawai ake yi. Ka dawo daga Techiman a gajiye, ka tuɓe riga ka rataya a ƙusa ka shiga wanka. Minti biyar. Ka yi tunanin wannan minti biyar ɗin kafin ka yi tunanin ɗan fashi.

Kuma ka tambayi matarka? Ita ce za ta kwana da abin a ɗaki in ka yi tafiya ba da ita ba.

Ɗan Aboabo: Hajiya, wallahi maganarki ta shige ni. Mun yi maganar da ita sama-sama, ba ta so, amma ba ta hana ba.

Hajiya Alabar: "Ba ta hana ba" ba yarda ba ce, ɗana. Kunya ce.

Yaya na Ohayo: Hajiya ta yi daidai kan makullin: yawancin libarba ba su da abin turawa, nauyin kunamar ne kaɗai tsaro. Kuma kada wani ya ce yaro ba zai iya ja ba, da manyan yatsu biyu suke turawa, bakin yana kallon fuskarsu. Akwatin ƙarfe mai makulli, a ɗaure shi da bango ko ƙasa, harsashi a wani wurin daban. In kuɗinka bai kai na akwati ba, bai kai na bindiga ba.

Malam na Tafo: Allah ya saka wa Hajiya. Addini bai hana mutum kare ransa da dukiyarsa ba, hadisi ya inganta cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Amma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya ce bai sani ba ko Shaiɗan ya fizgi hannunsa. Ya kuma umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibiya ya riƙe tsininta kada ya ji wa wani. Kibiya ke nan. To ɗana, tambayata ta aiki ce: sau biyar a rana kana alwala, kana ruku'u, kana sujada cikin sahu kafaɗa da kafaɗa. Ina abin yake a lokacin? In a aljihun jallabiya ne, a sujada zai zame gaba. In ka bar shi a mota, motar tana tasha.

Sannan ka auna zuciyarka. Kasuwar hatsi wurin gardama ce, an tauye mudu, an ƙi biyan bashi, an zagi uwa. Mai saurin fushi ya fi kowa sanin kansa.

Kawu Tsohon Soja: Malam ya taɓo inda ya dace. Ba a sa bindiga tsirara a aljihu tare da makulli da canji. Kube ake yi mata wanda ya rufe kunamar ruf, ya kama ta ko ka sunkuya. A tufafinmu masu yalwa, irin wadda gudumarta ke ɓoye a ciki, kamar 642 ko LCR da aka ambata, ta fi, don mai guduma a waje tana sarƙewa da zare. Amma mai guduma a waje ta fi daɗin koyon saiti, tunda kana iya ɗana ta da babban yatsa kunamar ta yi laushi. Ka ga nishaɗi da ɗauka kullum ba abu ɗaya suke nema ba. Ni da za a bar ni, mai koyo ya fara da ta ƙarfe zalla mai ɗan nauyi, irin Model 63 ta Smith, wajen giram 700, baki inci uku. Nauyin yana zaunar da hannu. Gajeren baki na inci biyu shi ne mafi wuyar saiti a duk bindigogin hannu, ɗan motsi kaɗan ka kauce da taku guda.

Magajin Suame: Tawa gudummawar ta ƙarfe ce, tunda shi na sani. Daminar Kumasi da gumin jiki ba su bar komai ba. Baƙin ƙarfe a ƙugu, sati ɗaya za ka ga ja-ja a inda yatsa ya taɓa. A nemi wadda ba ta tsatsa, a riƙa sharewa da ƙyalle mai ɗan mai. Da hunturu kuma mai ya yi yawa, ƙura ta manne ta zama laka. Kuma don Allah, in ta lalace kada a kawo mana Magazin, unguwar makanikai ta Suame, a ce a ɗan taɓa. Mu injin mota muka sani. Na maƙera kuwa da ake yi a ɓoye, bututun ruwa ne wasu, yana tsagewa a hannun mai shi, ga ɗauri a kai.

Yaya na Ohayo: Ƙari kan na Magaji: .22 harsashi ne mai datti. Ƙwayoyin albarushi suna maƙalewa ƙarƙashin ƴar tauraron nan da ke turo kwanson waje, ƙwaya ɗaya ta isa ta sa ganga ta ƙi rufuwa. In za ka zubar da kwanso, ka ɗaga bakin sama ka buga sandar turo kwanson sau ɗaya, kuma ka ajiye tsohon buroshin haƙori don wurin. Kada yatsanka ya kusanci tsagar da ke tsakanin ganga da baki lokacin harbi, wuta na fita ta nan. Toshe kunne dole ne ko da .22. Kuma mu da muke cin tuwo da hannu, a wanke hannu da sabulu bayan atisaye, darma ce a jikin harsashin.

Ɗan Aboabo: Atisayen, ina da gonar aboki bayan Ejura, ba kowa. Ya isa?

Kawu Tsohon Soja: "Ba kowa" a daji babu shi. Akwai Bafillace da shanunsa, akwai mata masu itace, akwai yaro a kan mangwaro. Harsashin .22 da kuke rainawa yana tafiya fiye da kilomita ɗaya in bai sami abin da ya tare shi ba, yana kuma tsalle in ya bugi dutse ko ruwa. Sai da tudun ƙasa mai kauri a bayan abin da kake harbi. Kuma ka tambayi jami'in rajista inda aka yarda a yi, ka nemi wanda ya iya ya tsaya a kanka. Ba a koyon wannan daga bidiyon waya.

Ƴar Asawase (nas): Abu ɗaya da ba a faɗa ba, kuma ba ma son faɗa a Zango. Akwai ranar da kasuwa ke karyewa, bashi ya taru, mutum ya kasa barci. Akwai matashi a gida da ke cikin damuwa ba wanda ya sani. Irin wannan daren yana wucewa in ba abin da hannu zai kai gare shi da sauri. In gidan akwai mai irin wannan hali, ko ana yawan rikici tsakanin miji da mata, a bar maganar bindiga tukuna.

Hajiya Alabar: Allah ya yi miki albarka. Ni shekara da shekaru ina kai kuɗin atamfa, ban taɓa riƙe ko reza ba. Kuɗi a banki ko momo, tafiya da rana, ba a gaya wa kowa ranar tashi.

Magajin Suame: Hajiya, masu momo ɗin ma ai ana bin su har kiyos. Kowa da inda takalmi ke matsa masa. Ni dai har yanzu in za a ɗauka, a ɗauki .38, a sa mata harsashi mai sauƙi na atisaye.

Yaya na Ohayo: Wannan ma hanya ce, akwai mai ƙwaya shafaffiya na harbin takarda, shurinsa kaɗan ne. In ana samunsa a Kumasi.

Ɗan Aboabo: Na gode ƙwarai, iyayena. Ga yadda zan yi. Yau da dare zan zauna da maiɗakina mu yi maganar da gaske. In ta amince, zan je ofishin rajista in ji sharuɗɗan da bakinsu, in kuma tambayi dillali harsashin da yake kawowa. Zuciyata ta fi karkata ga .22 mai baki inci uku don koyo, a ajiye ta a akwati, maganar yawo da ita a jiki kuma na jingine ta. Kuɗin Techiman zan fara tura rabi ta waya. Kawu, in Allah ya sa an ba ni, za ka tsaya a kaina?

Kawu Tsohon Soja: In ka zo da lasisi a hannu da rasit ɗin akwati, zan tsaya. Ka zo da abin toshe kunne guda biyu, nawa ya tsufa.

Lauya ɗan Nima: Kafin ka kai takardar, turo mini ita ta akwatin sirri in duba maka yadda ka rubuta dalilin.